A ɗauke ƙwayar bom daga teburin kasuwa

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, wake ne ke juya kuɗi a kasuwannin gundumar Tasawa da ta Mayahi, tun daga Maijirgi da Korgom da Hawandawaki har Kanambakashe da Gidan Amumun. Gero na ci ne; a ɗaure shi dami-dami a jera a rumbu, zangarniya ta shekara biyu ko fiye ba ta ce uffan ba. Wake kuwa shi ne kuɗin biyan bashin damina, shi ne kayan ɗakin ƴa, shi ne tunkiyar kiwo. Nijar ce ta biyu a duniya wajen nomansa, bayan Najeriya, kuma jihar Maraɗi tana cikin masu kaso mai tsoka. Sai dai wake ba ya haƙurin jiran farashi. Ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi gida: macen ta manna ƙwai a bayan ƙwayar waken, tsutsa ta huda ta shige ciki ta yi ta ci, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike ta zuba nata ƙwan. Buhun da aka ɗinke a Oktoba ba kariya, kafin bazara ya koma huji da gari. Don haka manomi ko dai ya karyar a kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, ko ya nemi abin da zai tsare masa buhunsa. Abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne ƙwayar nan mai ruwan toka da ake ce wa bom, wadda a jikin gwangwaninta aka rubuta Phostoxin ko wani suna, ana sayar da ita ɗai-ɗai a tebur guda da maganin ɓera da na sauro. A ganina wannan ƙwaya tana da wurin aikinta, wato babbar mangaza da ba a kwana a cikinta, a hannun mutumin da aka horar. Ba ta da hurumi a teburin kasuwa, balle a ɗakin kwana, kuma lokaci ya yi da hukuma da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin manoma za su haɗa hannu su ɗauke ta daga can.

Dalilin yana cikin yadda ƙwayar take aiki. Ita ba garin magani ba ce da ake barbaɗawa ƙwaro ya taka ya mutu. Sinadarin cikinta, aluminiyam fosfaid, da zarar ya haɗu da laimar da ke cikin iska sai ya fara sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin. Ƙwaya guda mai nauyin giram 3 tana sakin giram 1. Wannan iskar ce ke ratsa tsakanin wake ta kashe abin da ke ciki, amma da sharaɗi: sai ta zauna a wurin, da ƙarfinta, kwana da kwanaki. Ƙwaron da ke yawo a sarari nan da nan yake faɗuwa. Ƙwai kuwa, da wanda ke kwance a cikin waken yana shirin fitowa, numfashinsu kaɗan ne, guba ba ta cim musu da wuri. Dole a riƙe ta har su kai matakin da za ta kama su. Shi ya sa a Ostareliya, inda ake ajiye alkama a manyan rumbunan ƙarfe, ƙa'ida ta ce iskar ta yi kwana 7 da ƙarfin kashi 300 cikin miliyan idan zafin hatsin ya haura digiri 25, ko kwana 10 da ƙarfin kashi 200 idan da sanyi-sanyi. Kafin a sa ƙwaya ko ɗaya kuma sai an gwada rumbun: a hura masa iska a ga ko matsin zai ɗauki aƙalla minti 5 kafin ya ragu da rabi, in sabo ne. Rumbun da ya faɗi wannan gwaji ba a lissafa shi cikin waɗanda ake turarawa.

A duba abin da ake yi a gidajenmu. Mutum ya sayo ƙwaya, an ƙunso masa a ƴar leda ya jefa a aljihu. Ya iso gida ya ƙulle ta a tsumma ko takarda, ya cusa hannu har gwiwa ya binne ta a tsakiyar wake, ya ɗinke baki, ya jingine buhun a kusurwar ɗaki bayan gado, domin can ne ɓarawo da akuya ba sa kaiwa. Buhun kuma na saƙar leda ne, wanda in ka ɗaga shi ga rana za ka hango haske ta cikinsa. Iskar da ya kamata ta kwana bakwai a cikin wake tana fita kusan yadda take samuwa, kuma cikin ɗakin take fita. Lissafin ba shi da wuya. Giram 1 na fosfin, in ya bazu duka a ɗaki mai faɗin mita 3, tsawon mita 4, bango mita 2 da rabi, zai kai wajen kashi 24 cikin miliyan, alhali iyakar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yarda babban mutum ya shaƙa a aikin awa 8 ita ce 0.3. Ninki 80 ke nan, daga ƙwaya guda. A ce ma kashi tara cikin goma ya fice ta taga da ƙasan ƙofa, abin da ya rage ya ninka iyakar sau 8, ga shi kuma da wuya a ga buhu ɗaya tak a ɗaki. Fosfin ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, tsagewar bangon ƙasa ba ta tare ta daga shiga ɗakin da ke maƙwabtaka, masu kwana a tabarma a ƙasa kuwa yara ne. Yoyo ɗaya ke jawo asara biyu: iskar da ta fice daga buhu ta bar ƙwaro da ransa, ta kuma shiga huhun mai gida da iyalinsa.

Yanayinmu ma ya ƙara nasa. Lokacin ajiyar wake shi ne lokacin shigowar hunturu, iska ta bushe ƙamas, waken kansa an shanya shi ya bushe. Ƙwayar da sai da laima take aiki, a irin wannan yanayi a hankali take sakin gubarta, tana jan kwanaki fiye da yadda za ta yi a damina. Mai buhu ya buɗe ya ga ƙullin ya koma toka, ya ɗauka ta mutu, ya jefar a bola inda kaji ke tono yara ke wasa, alhali a cikin tokar akwai sauran da bai ƙare ba. Ruwa kuwa, wanda hankali zai ce a wanke wurin da shi, shi ne mafi muni: yana sa ta saki iskar lokaci guda, kuma idan iskar ta taru a ƙuntataccen wuri tana iya kamawa da wuta da kanta. A Janairun 2017, a garin Amarillo na jihar Texas ta Amurka, an zuba irin wannan maganin a ƙarƙashin wani gida, daga baya aka fesa ruwa don a wanke shi. Yara huɗu na gidan suka rasu. A Fabrairun 2010, a Layton ta jihar Utah, ƴan mata biyu ƙanana, ya da ƙanwa, sun rasu bayan ma'aikacin wani kamfanin kashe ƙwari ya binne ƙwayoyin kusa da bangon gidansu, abin da ya sa hukumar muhalli ta ƙasar ta hana amfani da su a harabar gidajen zama. Waɗannan mutane ne masu motar asibiti da ɗakin kulawa ta musamman a kusa. Gubar fosfin ba ta da makari, a can ko a nan. Iyakar abin da likita ke yi shi ne ya tallafi numfashi da zuciya har jiki ya jure ko ya gaza.

Za a ce, shekara da shekaru muna sa ta, wa ta kashe? Tambaya ce mai kyau, kuma masu yin ta ba ƙarya suke ba, abin da idonsu ya gani suke faɗa. Matsalar ita ce wannan guba ba ta da wata alama tata ta kanta. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, gudawa, ƙirji ya ɗaure, tari. Wani lokaci ruwa ya taru a huhu bayan awanni, daidai sa'ad da aka ɗauka an samu sauƙi. Su ne alamomin da ke cika gidajen likita a kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kan ganiyarsa. Yaron da ya kwana kusa da buhu ya tashi yana amai, sai a ce zazzaɓi ne, ko wani abu ya ci, ko a ce iskoki ne a nufi wurin mai magani. In ya warke an manta. In ya rasu an kai shi makwanci kafin la'asar, ba wanda zai waiwayi kusurwar ɗaki. Abin da ba a taɓa nema ba, rashin ganinsa a rajista ba ya wanke shi. Haka masu cewa ai wari yana gargaɗi: warin tafarnuwa ko na ruɓaɓɓen kifi da ake ji na wasu abubuwa ne da ke fita tare da fosfin, yana iya gushewa ita tana nan, hanci kuma yana sabawa, mai barci kuwa ba a dogara da hancinsa. Rawani ko ƙyallen da ake rufe fuska da shi ƙura kaɗai yake tarewa.

Ko da ba ta taɓa cutar da mutum ba, akwai dalilin da ya isa a hana jefa ta a buhu mai huji. Duk turaren da aka yi a wuri mai yoyo yana kashe raunanan ƙwari ne ya bar masu juriya su hayayyafa, kuma ba wake kaɗai ake jefa wa ita ba, har masara da dawa da geron da aka sussuka. Tun a 1972 zuwa 1973, binciken da hukumar abinci ta duniya, FAO, ta yi a ƙasashe masu yawa ya samu juriyar fosfin a kusan kashi 10 cikin ɗari na samfuran ƙwarin hatsi da aka tattara. A farkon shekarun 1980 aka ga ƙwari masu juriya mai tsanani a Bangaladash, a ɗakunan ajiyar da aka yi ta turarawa ba tare da an toshe su da kyau ba. Abin da ya sa wannan ya zama abin tsoro shi ne babu na biyu mai arha a ajiye. Wani maganin turaren, metil buromaid, yarjejeniyar Montreal ta kawar da shi saboda yana lalata rufin ozon na sararin sama, wa'adin ƙasashe masu tasowa kuma ya cika a 2015, sai ɗan abin da aka ƙyale domin kayan da ke tsallaka iyaka. Fosfin ce ta rage mai arha, wadda in an yi aikinta daidai, hatsi ya sha iska bayan haka, ba ta barin wani abin a zo a gani a jikinsa. Da ita duk mai tara hatsi tan dubbai yake dogara, kuma ajiyar ƙasa da ofishin cimaka na OPVN, wanda aka kafa a 1970, yake riƙe da ita domin shekarar fari tana cikin irin wannan hatsi. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba sai an gaya masa darajar wannan ajiya ba. Ranar da ƙwarin yankin suka daina jin fosfin, ajiyar ce za ta fara ji a jikinta.

A mangaza aikin yana yiwuwa, ba kuma sai da rumbun ƙarfe irin na Ostareliya ba. Hatsinmu a buhu yake, turaren buhuna kuwa sanannen aiki ne. A share daɓen siminti a toshe tsagewarsa, a jera buhuna a bar hanya tsakaninsu da bango, a lulluɓe tulin da tamfol na musamman wanda iska ba ta ratsawa, a ɗaga shi ga haske a like kowane huji, a danne gefensa zagaye da dogayen jakunkunan yashi masu hawa kan juna. Ƙwayoyin a faranti ake baza su, ba a tsibe ba, ba sa taɓa hatsi, domin a iya kwashe tokar duka daga baya a binne ta nesa da gida da rijiya. Mutum biyu ke aikin, da abin rufe fuska mai matatar da aka yi domin fosfin, da na'urar awo. A kulle, a rataya alamar haɗari, mai gadi ya ɗauke tabarmarsa daga bakin ƙofa. In kwanakin sun cika a buɗe ƙofofi, a yaye tamfol, a bar wurin ya sha iska, kuma na'ura ce za ta ba ƴan dako izinin shiga, domin su ne ke rungumar buhun a ƙirji. Wannan tsari ya yi daidai da abin da yankin ya riga ya sani: bankunan cimaka na ƙauyuka, da warantaj da shirin FAO ya yaɗa a Nijar tun 1999, inda manoma ke jingine amfaninsu a mangaza mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da lamuni, ba a buɗewa sai bayan watanni. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar tawaga a kowace gunduma, a ƙarƙashin ofishin kare tsirrai, da tamfol ɗinta da na'urarta, tana zagayawa daga Nuwamba, ana biyanta gwargwadon yawan buhuna. Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a sassauta ba: shagon da ke manne da gidan zama, kamar yadda ɗakunan ajiyar ƴan kasuwa da yawa suke a tsakiyar gari, ba a turara shi, ko wane ne mai aikin.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci. Ƙwaya ƴan dala ce, mai buhu biyu ba zai kira tawaga ba, to me zai yi? Da babu madadi da wannan magana ta kashe bakin kowa. Amma akwai, kuma a Maraɗi aka gwada shi. Buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ya samo asali daga aikin Larry Murdock na jami'ar Purdue da abokansa a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka yaɗa shi a ƙasashe 10 na yamma da tsakiyar Afirka, kuma Ibrahim Baoua da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi gwaje-gwajensa. A Kano ma ana yin sa. Ba guba ko ɗigo: a zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a lanƙwasa a ɗaure ta daban, ƙwarin ciki su shanye ɗan numfashin da ya rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ana kwana da shi a ɗaki, ana buɗewa a dafa a ranar. Jarkar man girki da aka wanke ta bushe, ko duro mai murfi da aka cika har baki aka toshe, duk hikima ɗaya ce, mata kuma sun daɗe da saninta. Gaskiya ne buhun ya fi ƙwaya tsada ranar saye, ɓera yana iya huda shi, ba a kuma samunsa a kowace kasuwar ƙauye lokacin da ake nema. Amma in an kiyaye shi yana yin kaka biyu ko uku, kuɗinsa kuma bai wuce na ƴan tiyoyin wake ba a farashin bazara. Ƙarancinsa kuwa matsala ce ta mota da dillali: duk teburin da ƙwaya ta iya isa, buhu ma zai isa.

Akwai masu tsoron in an hana bom mutane su koma fiya-fiya, a yi gudun gara a tadda zago. Tsoron yana da tushe. Fiya-fiya da danginta kai tsaye ake yayyafa su a kan wake, suna kuma iya bin sa har tukunya. Saboda ragowar sinadarinsu, diklobos, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015, ta kuma tsawaita dakatarwar a 2016. Waken Tasawa da Mayahi da ya saba gangarawa kasuwar Dawanau ta Kano, in sunan kasuwar ya ɓaci har da shi. Abin da wannan ke nunawa shi ne a san abin da za a fara da shi. Buhun da ba ya shan iska ya isa kasuwa tun Satumba, tawagar turare ta kasance a shirye domin masu buhu ɗari, sannan a bi tebura. Wanda ya fara da ƙwace kaya kafin ya kawo madadi ya tura mutane ga kwalbar fiya-fiya da hannunsa.

Saura masu cewa iyaka a buɗe take, doka ba za ta yi aiki ba. Dokar dai tana nan. Kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari, na ƙungiyar CILSS, shi ke amincewa da abin da za a sayar a Nijar, ƙasar kuma tana da dokar kare tsirrai ta 2015. Cibiyar RECA ta majalisun manoma ta sha nuna cewa da yawa daga magungunan da ke kasuwanninmu ba su da wannan amincewa. Ba wanda zai iya tsare kowace hanyar babur tsakanin kudancin Tasawa da jihar Katsina, ba a kuma buƙatar haka. Gwangwanin ta hannun manyan dillalai yake bi kafin ya isa tebur, su kuwa sanannu ne, da shagonsu da sunansu da sarkin kasuwarsu. Abin da za a nema gare su kaɗan ne: kada a fasa gwangwani, kada a sayar sai ga mai shaidar horo, a rubuta wanda aka sayar wa. Fasa gwangwani shi ne tushen ɓarnar. Mai teburin da ke buɗe murfi yana rufewa wuni guda shi ne farkon mai shaƙa, ƙwayar da ta bar gwangwaninta kuma ta bar takardar gargaɗinta a baya, ta koma wani abu mai kama da maganin sha a aljihun rigar da ke rataye, inda hannun yaro ke kaiwa. Wannan magana ce da liman zai iya faɗa bayan huɗuba, gidan rediyon karkara ya maimaita ranar kasuwa.

Malaman lafiya ma suna da nasu rabon, kuma ba ya cin ko dala. Duk lokacin da mutum biyu ko uku na ɗaki ɗaya suka zo tare da amai da ƙuncin ƙirji, tsakanin Oktoba da Maris, a tambaye su ko akwai buhun da aka sa wa ƙwaya a ɗakin ko a na kusa da shi. In akwai, a aika gida a fitar da kowa, a buɗe ƙofa da taga, kada a zuba ruwa, a riƙe marasa lafiyar ko da sun ce sun ji sauƙi, a rubuta a rajista da sunan gubar. In asibitin gundumar Tasawa da na Mayahi suka tara irin wannan rubutu na kaka biyu, firefe da magadan gari za su samu alƙaluman da za su shimfiɗa a gaban dillalai ranar da za a zauna da su.